Bindigar da Ba Ta Tsatsa

A Punta Bakhaw in ka ce bindiga, to mai lamba arba'in da biyar kake nufi, ƙarfe tun daga baki har ƙota, mai nauyin da ke jan wando ƙasa. Ita kakanni suka riƙe, ita iyaye suka gada. Gida goma sha ɗaya ne ke da lasisi a unguwar tamu, kuma goma daga ciki ita ce a akwatinsu. Na sha ɗayan shi ne Cleto Bantilan, mai gadin tafkunan kifi na wani attajirin birni, wanda ya hau jirgin ruwa wata shekara ya dawo mana da wata baƙar aba mai jikin roba, mai lamba tara, ƙirar wani kamfani da ko shugaban makaranta bai taɓa jin sunansa ba.

Lahadin farko da ya kai ta tsohon ramin fasa dutse, inda maza ke taruwa bayan coci suna harbin ɓawon kwakwa, sai da aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Wanda ya fi kowa kuwa shi ne amininsa, Takyo Labrador, mai gyaran injin kwalekwale. Ya ɗauke ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya jinjina, ya ce, "Pare, aminina, kyauta aka ba ka ita da ka sayi bokiti, ko ita ce bokitin?" Ya ƙara da cewa a matsar da ita inuwa kada ta narke. Kafin a tashi sunan Robar Miya ya bi ta, kuma bai sake ta ba.

Cleto bai yi fushi ba, don shi da Takyo ba yau suka fara ba. Tare suka koyi iyo, tare suka sha dukan malami ɗaya. Da matar Takyo, Luming, ta haifi 'yarsu Jovelyn, Cleto ne ya riƙe jaririyar a coci ranar baftisma, ya zama Ninong ɗinta, uba na biyu ke nan. Shi da matarsa Solang Allah bai ba su haihuwa ba, don haka duk son da suka tara a kan yarinyar nan ya sauka. Tun tana tatata, in ta hango shi sai ta rugo ta kama hannunsa mai warin laka ta ɗora a goshinta, neman albarka kamar yadda ake yi wa manya. Ta girma, ta zama malamar firamare, an sa ranar aurenta watan Mayu, amma ba ta daina ba, ko a tsakiyar kasuwa ne. Cleto ba shi da gona, ba shi da jirgi, tafkunan ma na wani ne. Wannan ɗora hannun shi ne abin da yake da shi a duniya, kuma ya san haka.

To, Robar Miya dai ta ba mara ɗa kunya. Mu nan iskar teku ba ta barin ƙarfe. Ƙusa, kwado, rufin kwano, duk sai ta cinye. Masu arba'in da biyar kullum suna cikin goge-goge da shafe-shafen mai, amma a ramin dutse sai ka ga ta cije wa mutum a harbi na uku, ya tsaya yana dukanta da tafin hannu yana zagin maƙerin. Ta Cleto harsashi goma sha biyar take ci, ta zubar da su reras, ba tari ba atishawa. Wata rana yana gyaran ƙofar ruwa, wadda ruwan teku ke shiga tafki ta cikinta, sai ta suɓuce daga ƙugunsa ta faɗa tafki. Kwana huɗu tana cikin lakar gishiri kafin ya taka ta da ƙafa. Ya ɗauraye ta a bokiti, ya girgiza, ya kai ta ramin dutse da sauran laka a ƙota, ta fasa ɓawon kwakwa biyar a jere.

Daga ranar muka shiga uku. Gaskiya Cleto ya cika mu da surutu. A shagon aski Robar Miya, a wurin jana'iza Robar Miya, ko gaisuwa ka yi masa sai ya bi ta wata hanya ya kawo ka kan kwana huɗun nan. Ya iya wargaza ta ya haɗa da ido rufe, kuma sai ya nuna maka ko ba ka tambaya ba. Maganarsa kullum ita ce babu abin da ke kama ta, ba tsatsa, ba laka, ba gishiri. Solang ta sha gaya masa ya rage baki, mutane sun gaji. Mutane kuwa ko sun ga gaskiya ba su yarda ba, don wa zai ce bindigar ubansa ba ta kai roba ba?

Mutum ɗaya ne ya karaya, shi ma a ɓoye. Cikin watan Oktoba, da tsakar rana, Takyo ya zo bukkar Cleto da ke bakin tafki da wani abu naɗe a tsohuwar riga. Ya leƙa hagu ya leƙa dama, sannan ya warware. Irinta ce sak. A hannun wani ma'aikacin jirgi ya saya, babu takarda babu lasisi. Ya ce tasa ta gado ta cije masa sau biyu a gaban yara, ya gaji da jin kunya, amma in Cleto ya kuskura ya gaya wa wani, ko Solang ce, to zumuncinsu ya ƙare. Ya sa shi ya rantse. Cleto ya rantse yana dariya har da hawaye. Bai taɓa cin nasara irin wannan ba a rayuwarsa, ga shi kuma an ɗaure masa baki. Ya zaunar da aminin nasa ya koya masa yadda ake kwance ta, yana tsokanarsa da cewa ya kula kada ta narke.

Kowace shekara, ana jibi sabuwar shekara, Kapitan Rufo mai unguwa kan tara masu lasisi a rumfar ofishinsa. Kowa ya kawo bindigarsa, Kap ya naɗe bakinta da salatif na takarda, ya sa hannu a kai da biro. Ranar biyu ga wata a dawo a duba. Wanda salatif ɗinsa ya huje ya harba ke nan, sai ya yi bayani. An fara haka ne tun shekarar da harsashi ya sauko ya kashe akuyar limamin coci, don mutanenmu in shekara za ta juya sai sun kore ta da ƙara, da wasan wuta, da buga murafen tukwane, wasu kuma da harbi sama. Uban Takyo har ya mutu bai taɓa fashin harbi bakwai ba, daidai harsasan da bindigarsa ke ci, kuma Takyo bai daina ƙorafin cewa Kap ya kashe al'adar gidansu ba.

A wannan shekarar, da aka zo kan ta Cleto, salatif ya ƙi zama. Bakinta santsi ne da shi, ga ɗan mai. Kap ya naɗa ya sulluɓe, ya sake naɗawa ya sulluɓe, sai a na uku ya zauna, ya sa hannu. Da Cleto ya yi shiru da shi ke nan. Ina! Sai ya ɗaga ta sama ya ce a duba. Ya kama salatif ɗin da yatsu ya zare shi ɗungurungum kamar hula, da sa hannun Kap a jiki ko ƙwarzane babu, ya mayar ya danna. "Kun gani? Na gaya muku babu abin da ke kama ta." Aka yi dariya, Kap ya ce Allah ya shirye shi. Baki dai shi ke yanka wuya, amma a ranar ba wanda ya ɗauki abin da nauyi.

A hanyar gida suna tafe da Takyo, wanda aka naɗe wa tasa ta gado lafiya lau. Abin ya ɗarsu a ran Cleto. Ya ce cikin wasa, ita ma ɗayar a sa mata hula mana. Takyo ya yi dariya ya ce wace ɗayar, shi bindiga ɗaya ya sani. Cleto ya so ya ƙara magana, sai ya ga kamar zai ɓata raha, ya bari.

Yadda abin ya faru kowa ya ji daga baya. Lokacin da shekara ta juya, Luming na tsaye a barandar gidansu tana buga murafen tukwane biyu, Jovelyn na gefenta tana kaɗa tsabar kuɗi a gwangwani don kiran arziki. Unguwa ta ɗinke da ƙara, ba mai jin wani. Sai Luming ta zauna a ƙasa kamar wadda ta gaji, murafen suka gangara. Jovelyn ta zaci wasa take. Ba a kai ta asibiti da rai ba. Da gari ya waye aka ga 'yar huda a kwanon barandar, wadda ɗan yatsa ma da ƙyar zai shiga. Likita ya ciro harsashin ta gefen wuyanta, 'yan sanda suka duba suka ce mai lamba tara ne.

Cleto yana gida a lokacin, shi da Solang, bindigarsa na cikin akwati. Amma da ya ji lambar sai ya gane, don ya san bindigogi biyu ne masu cin wannan harsashi a Punta Bakhaw, kuma sauran mutane ɗaya suka sani.

Ranar biyu ga wata aka jera bindigogi goma sha ɗaya a teburin Kap, 'yan sanda biyu na tsaye. Duk salatif lafiya. Goma masu lamba arba'in da biyar, ɗaya mai tara. Kap Rufo mutumin kirki ne, bai so ba, amma da ɗan sandan ya ce ai wannan ma a rufe take, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da mutum goma suka gani da idonsu. Ɗan sandan ya kama salatif ɗin ya ja a hankali, ya fito kamar hula. Cleto ya waiwaya neman Takyo. Ba ya nan, ƙanensa ne ya kawo bindigar, shi yana wurin gawa.

'Yan sandan suka tafi da Cleto gari, suka zuba masa narkakken kakin kyandir a bayan hannuwa, gwajin da ake yi don gano hayaƙin harbi. Kakin ya nuna ɗigo-ɗigo shuɗi. Cleto ya yi ta bayani cewa duk makon taki yake watsawa a tafki da hannunsa don gansakukar da kifi ke ci ta fito, kuma taki ma haka yake nunawa. Babban cikinsu ya ce ya sani, shi ya sa ba za su ci gaba da tsare shi ba, za a aika bindigar da harsashin birni a gwada. Kwana biyu ya yi ya dawo. Labarin shuɗin ɗigon ya riga shi isowa, bayanin takin kuwa bai taɓa isowa ba.

Ya je zaman makoki, don rashin zuwa ya fi zuwan muni. Masu karta a rumfar suka ajiye kartarsu. Takyo na zaune kusa da akwatin gawa kamar an dasa itace, bai ɗago ba. Jovelyn ta fito daga ciki da tiren kofi, suka yi kiciɓis a bakin ƙofa. Hannun Cleto ya ɗaga da kansa, kamar yadda ya saba shekara ashirin da uku. Ta dubi hannun, ta dube shi, ta ratsa ta gefensa ta wuce. Hannun ya tsaya a iska har sai da Solang ta kama shi ta sauke. Allah Sarki, da dukansa aka yi a rumfar nan da ya fi masa sauƙi.

Watan Janairu ya wuce a haka. Ba wanda ya zage shi, mu ba ma haka. Sai dai in ya shiga shagon aski hira ta mutu, in ya zauna a bencin coci a matsa a ba shi wuri fiye da yadda yake bukata. Solang na sayar da busasshen kifi a kasuwa, sai ta wuni tana kora ƙuda. Kullum Cleto na cewa yau Takyo zai yi magana, gobe zai yi magana. Ya yi fushi da shi, fushi mai cin rai, ya kuma ji tausayinsa, ya rasa wanda ya fi yawa. Shi kansa bai wanke kansa ba. Shi ya yi ta yabon abar har mutumin ya saya, shi ya koya masa, shi ya ga abin na zuwa a hanyar gida ya mayar da shi raha.

Sai cikin Fabrairu Takyo ya zo bukkar, da rana tsaka, da buhun shinkafa a hannu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai yi gaisuwa ba. Ya ajiye buhun a ƙasa ya zauna nesa da shi. Sannan ya faɗa. Ya sha bammi, ya zagaya bakin teku bayan gida, ya ɗaga ta sama ya yi bakwai irin na babansa. Yana jin ta wajen teku ya karkata hannu, amma ba zai rantse ba. Yana dawowa da fara'arsa ya tarar da mutane a barandarsa.

"Mai yiwuwa ba naka ba ne," in ji Cleto. "Akwai masu harbi a ƙetaren kogi."

"Pare, kada ka yi mini haka. Ni na sani, kai ma ka sani." Ya tura buhun da ƙafa. "Ga ta nan. Ka kai wa Kap, ka ce tawa ce, ba zan musa ba. Ni dai ƙafata ta ƙi kai ni. Kullum in na tashi da niyya, sai in ga yarinyar nan ta ajiye mini abinci, ta ce Papa ka ci, kai kaɗai ka rage mini."

Cleto ya so ya shaƙe shi. An ɗora masa laifin, yanzu kuma an ɗora masa zaɓin. Ya ce masa ya tashi ya tafi, Takyo ya tashi ya tafi. Da Cleto ya buɗe buhun ya zare gidan harsashin, takwas suka rage a ciki. Ya mayar, ya naɗe ta a buhun, ya shiga tafki na uku ya tura ta cikin laka a gindin ƙofar ruwa. Bai jefa ta teku ba, don ita kaɗai ce shaidarsa in gwajin birni ya juya masa baya. Bai kuma kai ta wurin Kap ba. Ya ce bari sakamakon ya zo, in ya wanke shi, shi ke nan, ba sai an tona kowa ba.

Sakamakon ya zo a watan Afrilu, takarda ɗaya. Harsashin ya lanƙwashe da ya ratsa kwano, ba za a iya cewa daga wannan bindigar ya fito ba, ba kuma za a iya cewa ba daga ita ba. Aka rufe magana. Aka miƙo masa Robar Miya a cikin leda, da salatif ɗin Kap har yanzu a bakinta. Mutanen unguwa suka ce ai dama, mai gidansa attajiri ne, ya san manya.

Ranar ce ya karya rantsuwa ya gaya wa Solang komai. Ta saurara har ƙarshe, tana tsince shinkafa, hannunta bai tsaya ba. Da ya gama ta ce gobe da safe su je wurin Kap tare. Ya ce a'a. Ta ce wata huɗu tana cin wulaƙanci a kasuwa saboda mashayin da ya kashe matarsa ya kasa buɗe baki, shi kuma yana zaune a kan gaskiya kamar kaza a kan ƙwai. Ya ce ba don Takyo ba ne, don yarinyar ce. Solang ta ce yarinyar da ba ta ko gaishe shi? Ya ce ita. Ta ce rantsuwar ba tata ba ce, amma ba za ta tona abin da mijinta ya rufe ba, ba kuma za ta iya zama tana kallo ba. Kwana uku bayan haka ta hau jirgi zuwa wurin yayarta, ta ce sati biyu za ta yi. Ta tafi da keken ɗinkinta.

Watan Mayu ake zubar da ruwan tafki a bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, kafin a zuba sabon iri. An ɗaga auren Jovelyn zuwa baɗi, don ba a aure a shekarar da aka yi rashi. Ranar da ruwan tafki na uku ya janye, Cleto ya riga ma'aikata zuwa, ya tono buhun kafin wani ya taka shi. Ya kawo shi bukka ya jefa a bokiti, ya rufe da tsohuwar koma. Yana wanke ƙafa ya hango mutum tafe a kan gaɓar tafki, cikin baƙaƙen kaya, da lema. Tafiyar kaɗai ta gaya masa ko wace ce.

Ta tsaya a bakin bukkar, ba ta shiga ba. Bokitin na tsakaninsu. Cleto ya ɓoye hannuwansa a baya don kada su sake ba shi kunya. Ta ce ba 'yan sanda ne suka aiko ta ba, ba kuma za ta kai maganar ko'ina ba, tambaya ɗaya ta kawo ta. Amma ba ta yi tambayar nan take ba. Ta ce a daren, cikin duk ƙarar nan, ta ji harbi daga bayan gidansu, ta wajen teku. Ta ƙirga, don tun tana ƙarama ta saba ƙirga na kakanta. Bakwai ne. Papa ba ya barandar a lokacin. Amma bindigar Papa a naɗe take, ita da kanta ta duba, kuma ba lambarta ba ce. Ta ce Papa ba ya barci, ba ya iya tsayawa a barandar, ya daina zuwa ramin dutse, kuma in aka ambaci sunan Ninong sai ya tashi ya fita.

"Ni nake dafa masa abinci, Ninong. Ni nake wanke masa kaya. Gida ɗaya muke kwana." Ta ci gaba da cewa, "In ka ce mini ba kai ba ne, zan yarda, ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Amma daga nan sai na tambayi wani. Kai ne?"

Ya dube ta. Ya ga ba gaskiya ta zo nema ba, gaskiyar tana hannunta tun tuni, nauyinta ne ya fi ƙarfinta. Ta zo ne ta ga ko akwai wanda zai karɓa mata. Ƙafarsa na taɓa bokitin. Ɗaga komar nan kawai zai yi, ba sai ya ce uffan ba, gobe ta kama hannunsa a tsakiyar kasuwa, Solang ta dawo da kekenta, a daina matsa masa a coci. Jovelyn kuma ta koma gidan nan ta zuba wa mutumin abinci, ko ta kasa.

"Na sha bammi a daren," in ji shi. "Na zagaya bakin teku bayan gidanku. Na zare salatif ɗin, kin ji ai yadda yake fita. Na ce bari in yi wa babanki bakwai na gidansu, tunda an rufe tasa. Ya gan ni, shi ya sa ba ya son jin sunana."

Ƙaryar ta fito sumul, har shi kansa ya yi mamaki. Jovelyn ta rufe ido. Ya ga kafaɗunta sun sauka, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo, ya kuma fi komai yi masa daɗi. Ta yi kuka kaɗan, a tsaye, ba sauti. Da ta share fuska ta ce ba za ta iya yafe masa yanzu ba, wataƙila wata rana. Ta ce in lokacin bikin ya zo, don Allah kada ya zo, za ta sa wani a gurbinsa na Ninong. Ya ce to. Ta juya ta bi gaɓar tafkin, lemar na raguwa har ta shige cikin itatuwan bakin ruwa, ba ta waiwayo ba.

Ya jawo bokitin gabansa. Sannan ya ɗaga komar, ya warware buhun da ya riga ya ruɓe. Laka ta cika ko'ina, har ƙananan kaguwa biyu sun yi gida a wurin kunamar. Ya ɗebo ruwan daɗi ya ɗauraye ta, hannuwansa suka kwance ta da kansu, suka goge, suka haɗa. 'Yar tsatsa ce kawai a kan wani ƙaramin ƙarfe, ita ma da farce ta fita. Ya ja bayanta ya saki, ta koma ƙas, ya ja kunamar a kan babu komai, ta amsa kamar jiya aka fito da ita daga shago. Wata uku cur a cikin lakar gishiri. Bakinsa ya buɗe da kansa, ya ɗago kai zai ce a zo a gani, sai ya tarar ba kowa sai busasshen tafki da balbelu.

Ya tura kwalekwale ya wuce inda masu koma ke kaiwa, har inda ruwa ya koma baƙi, ya sake ta a gefe. Ba ta da nauyi, sai da ta ɗan yi jinkiri kafin ta nutse. Ya juyo da sauri, don ruwan teku ya fara hawa, kuma bai rufe ƙofar tafki na uku ba.